Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga: Rayuwa Bisa Sirdi

  

Da masu shirya littafin suka nemi in kawo tarihin ɗaya daga cikin magabata, ban yi dogon tunani ba. Shekara uku na yi ina shiga ƙofar makarantar lise ta Damagaram wadda ke ɗauke da sunan Amadu Kuran Daga, ina rubuta sunan a saman kowace takardar jarrabawa, alhali abin da na sani game da mai sunan bai wuce layi biyu ba: ya sa an kashe wani kaftin na Faransa, Faransawa kuma suka zo suka kashe shi. Sai da na kama aikin rediyo, na riƙa zama gaban dattawa ina ɗaukar muryoyinsu, sannan na lura da wani abu. Duk dattijon da zai ba da labarin wannan sarki, da doki yake farawa, da doki kuma yake rufewa. Haka kakana yake yi, Allah ya jiƙansa, domin mahaifinsa yana cikin yaran da ke yanko ciyawa suna kaiwa bargar fada a ƙarshen wancan zamani. Saboda haka ni ma sawun kofato zan bi.

Gidan da ya tashi

Amadu ɗa ne ga Sarki Tanimun ɗan Sulaimana, wanda ya fara riƙe sarautar Damagaram daga 1841 zuwa 1843, ya sake hawa a 1851, bai sauka ba sai da rai ya yi halinsa a 1884. A hannun Tanimun ne Damagaram ta zama abin da maƙwabta ke shakka. Shi ya kewaye Birni da ganuwa. Shi ya tara maƙera suka riƙa zuba igwa a cikin gari, ana kuma haɗa albarushi a gida. A ƙarni na 19 ikon masarautar ya rufe ƙasashen Sosebaki irin su Mirya da Dungas da Waca, ya kai har Muniyo ta wajen Gure. A Zango kuwa, bayan ganuwa, ayarin raƙuma ke sauka daga Tarabulus ta hanyar Gat da Abzin, su kawo bindiga da takarda da tufafi, su koma da ƙiraga da gashin jimina da bayi.

Duk da wannan ƙarfi, Damagaram tana ƙarƙashin Shehun Barno, tana aika gaisuwa Kukawa, ko da yake sau da yawa Tanimun yakan ja ƙafa kafin ya aika. Ganuwa da igwa suna tsare gari, amma ba su zuwa ko'ina. Abin da ke kai umarnin sarki ƙauyen da ke nesa da Birni da tafiyar kwana uku, ya karɓo haraji, ya biyo ɓarawon shanu, ya tsare hanyar fatake, shi ne doki. A irin wannan gida Amadu ya buɗe ido, inda ake auna girman basarake da yawan turakun da ke ƙofar gidansa.

Makarantar barga

Ɗan sarki a wancan zamani makaranta biyu yake yi. Da asuba yana gaban malam da allonsa, da hantsi kuma yana barga a hannun bayin sarki. Akan fara aza shi bisa ƙuru, babu sirdi, wani babba na riƙe da ragama. In ƙafarsa ta zauna sai a ba shi sirdi da likkafa, a koya masa ɗaure majayi da kansa, domin wanda bai iya ɗaure majayinsa ba ya miƙa ransa ga wani. Ƙaimi shi ne na ƙarshe, ba a ɗaura wa yaro shi sai an tabbata yana da haƙuri. Daga nan sai kilisa da yamma, sai sukuwa, sai zamiya, inda mahayi zai sako doki da gudu ya tsayar da shi cak a gaban sarki ba tare da ƙura ta taɓa rigarsa ba. Ranar da ɗan sarki ya fara yin jahi gaban mahaifinsa a hawan salla, ranar ce fada ke fara lissafi da shi.

A barga yake koyon sanin doki da launinsa: kili da akawal, bikili da hurde, danda da gunya. Yakan san ƙananan dawakin ƙasa masu jure yunwa da ƙishirwa, da manyan ingarmu na gabas da ake kawowa ta Barno, waɗanda su kaɗai ke iya ɗaukar barde da sulkensa da kwalkwalinsa da lifidi, da kuma dawakin Abzin na dutsen Bagazam waɗanda sarakuna ke alfahari da mallakarsu. Kakana yakan ce mahaifinsa ya gaya masa dokin fada ba ya kwana da yunwa ko da yaron da ke kula da shi ya kwana da ita. Da safe ɗanyar ciyawa ko harawa, da yamma gero, a jiƙa masa kanwa lokaci lokaci, a share turke, a duba kofato, a wanke shi. Ingarma guda yakan ci hatsin da zai riƙe ƙaramin gida, kuma yana buƙatar mutum biyu ko uku da ba su da wani aiki sai shi.

Wannan tarbiyya ita Amadu ya samu kamar sauran ƴan'uwansa, kuma laƙabin da jama'a suka ba shi ya nuna inda ya yi fice. Daga ita ce sahun mayaƙa a fagen fama, kura kuwa kowa ya san halinta in ta shiga garke. Ba a fada aka raɗa masa wannan suna ba, a bisa sirdi ya samo shi.

Shekarar 1893

Bayan rasuwar Tanimun sarauta ta zauna a hannun Sulaimana ɗan A'isa har zuwa 1893, sannan ta zo ga Amadu. Shekarar ba ta kwanciyar hankali ba ce. A cikinta Rabe ɗan Fadlallah ya fito daga gabas da rundunarsa ta ƴan bindiga, ya karya mayaƙan Barno, ya ƙone Kukawa, daga baya ya kafa hedkwatarsa a Dikwa. A cikinta kuma Sarkin Kano Bello ya rasu, basasa ta ɓarke tsakanin Tukur da Yusufawa, har Alu ya shiga Kano a 1894.

Faɗuwar Kukawa ta sauke wa Damagaram nauyin gaisuwar da take aikawa tun kaka da kakanni. Amadu ya zama sarkin da babu kowa a bisa kansa. Amma wannan ƴanci ya zo da damuwa biyu. Ta farko, wanda ya ci Barno yana iya cewa duk abin da ke bin Barno nasa ne. Ta biyu, abin da ya faru a Barno darasi ne ga duk mai barga, domin barade masu lifidi da suka yi suna tun zamanin sarakunan Gazargamu sun watse a gaban mutanen da ke tsaye da ƙafafunsu cikin sahu, suna harbi da umarni guda. Damagaram tana da nata ƴan bindiga da igwa tun zamanin Tanimun, amma zuciyar rundunarta da martabar manyanta suna bisa doki.

Hanyar Kano

Sabon sarki ya juya linzami kudu. Tsakanin Damagaram da Kano akwai tsohuwar gasa kan hanyar fatake da kan garuruwan iyaka, ga shi kuma basasa ta bar Kano da rauni. A ƙarshen shekarun 1890 Amadu ya shiga ƙasar Kano da runduna, aka gwabza da mayaƙan Sarki Alu a Gezawa da kuma Tattarawa. Wanda ya san ƙasar ya san Gezawa ba ta kai tafiyar yini guda ba daga ganuwar Kano. Bai ci birnin ba, amma ya kai dawakin Damagaram inda Kanawa suka daɗe ba su manta ba.

Fita irin wannan sai bayan kaka, in an gama girbi, hanya ta bushe, rumbuna sun cika, cutar damina ta saki dabbobi. Tambari ya yi ƙara, kuge ya amsa, kakaki da algaita su biyo baya. Ƴan baka da sauran dakaru a ƙasa, ƴan bindiga a nasu sahu, barade masu sauƙin kaya a gefe domin kewaye da kora, ƴan lifida a tsakiya kusa da sarki, zagage na tafe a gaban dokinsa. Bayan kowane barde akwai yara masu ɗaukar ciyawa da ruwa, da raƙuma da jakuna masu ɗauke da lifidi, domin ba a sa wa doki shi sai an hango abokan gaba.

A nan wajibi ne mu faɗi abin da mawaƙan fada ba su cika faɗa ba. Dokin yaƙi tsada gare shi, kuma a kasuwannin wancan zamani sau da yawa da mutane ake biyan kuɗinsa. Hari yakan kawo bayi, bayi su sayo dawaki da bindigogi, dawaki su sake fita hari. Geron da ingarma ke ci daga rumbun talaka yake fitowa. Ƙauyukan da ke tsakanin Damagaram da Gumel da Kano sun ga ƙurar dawaki ta tashi sau da yawa, kuma ba murna suka yi da ita ba. A cikin masu karanta wannan littafi akwai jikokin waɗanda suka hau, akwai kuma jikokin waɗanda aka koro a gaban doki. Yau duk ƴan gari ɗaya ne, suna salla sahu ɗaya, suna auren juna. Ba Amadu ya ƙago wannan tsari ba, a cikinsa aka haife shi kamar sauran sarakunan zamaninsa, amma tarihin da ya ɓoye shi bai cika ba.

Baƙon 1898

A watan Afrilu na 1898 wani hafsan Faransa, Kaftin Cazemajou, ya iso Damagaram daga yamma da ƴan tsirarun sojoji. Niyyarsa ya wuce tafkin Cadi ya sadu da Rabe. A idon fada wannan ba ƙaramar magana ba ce. Labarin abin da Faransa ta yi a Aljeriya da Tunis da Tumbutu ya riga ya iso ta bakin fatake, ga shi kuma baƙon yana neman hanyar zuwa wurin mutumin da Damagaram ta fi tsoro. In Nasara da Rabe suka haɗa kai, ina masarautar za ta sa kanta? Ranar 5 ga Mayu 1898 aka kashe Cazemajou da tafintansa Olive. Sojojinsa suka yi ta maza na ƴan kwanaki, sannan suka janye suka koma yamma da labari.

Har gobe dattawa ba su daina saɓani a kan wannan rana ba. Wasu na ganin sarki ya hango abin da ke tafe, ya ƙi buɗe masa ƙofa. Wasu na ganin jinin baƙo abu ne mai nauyi a al'adarmu da addininmu, ko da wane dalili. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, kwana 40 bayan haka, ranar 14 ga Yuni 1898, Faransa da Ingila suka sa hannu a birnin Paris kan yarjejeniyar da ta ja iyaka tsakanin rabonsu, Damagaram ta faɗa ɓangaren Faransa, Kano da Sakkwato ɓangaren Ingila. Ƙasar da Amadu da Alu ke zubar da jinin barade a kanta an riga an raba ta da alƙalami, ba a tambayi ko ɗayansu ba.

Tirmini

A farkon 1899 wata babbar runduna ƙarƙashin Kaftin Voulet da Kaftin Chanoine ta baro bakin kogin Kwara ta nufo gabas, kuma ɗaukar fansar Cazemajou na cikin aikin da aka ba ta. Abin da ta aikata a hanya sananne ne ga duk ɗan Nijar. A watan Afrilu ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Mayu ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Da labarin ta'asar ya kai Faransa aka turo Kanar Klobb ya karɓe ragamar rundunar, sai Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori, kusa da Tasawa, ranar 14 ga Yuli. Cikin kwana uku sojojin suka juya wa shugabanninsu, suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi. Laftanan Pallier ya karɓi jagoranci, tare da Joalland da Meynier, suka ci gaba da tafiya.

Amadu yana da ganuwar mahaifinsa, yana iya rufe ƙofofi ya jira. Yana kuma iya aika manzo da kyauta ya nemi sulhu. Ya zaɓi abin da aka tarbiyyantar da shi a kai, ya hau ya fita ya tari abokan gaba a fili. A ƙarshen watan Yuli na 1899, tsakiyar damina, lokacin da ba a saba fita yaƙi ba, rundunar Damagaram ta ja daga a Tirmini, kimanin kilomita 20 yamma da Birni.

Dabarar barde ta dogara ga abu guda: ya cinye tazarar da ke tsakaninsa da maharbi kafin maharbin ya sake ɗura bindigarsa. Da bindigar gargajiya wannan mai yiwuwa ne, domin kafin a zuba albarushi a tura harsashi a danna, doki ya iso. Bindigogin da sojojin Faransa ke riƙe da su ta baya ake ɗura su, cikin ƙiftawar ido, kuma suna cin nesa da inda kibiya ko bindigar gida ke kaiwa. Lifidin da ke tare kibiya mai dafi bai tare harsashi ba, sai ma nauyi da ya ƙara wa doki. Barade sun sako dawaki kamar yadda iyayensu suka yi, amma tazarar ba ta ciwu ba. Kafin rana ta yi nisa daga ta karye, sojojin Faransa suka wuce suka shiga Birni.

Rumji da abin da ya biyo baya

Sarki bai miƙa wuya ba. Ya fita da waɗanda suka rage masa, yana sauya masauki cikin ƙasarsa, sojoji na bin sawunsa. A watan Satumba na 1899 suka cim masa a Rumji, a can ya gamu da ajalinsa, shi ya sa ake kiransa Maje Rumji. Shekara shida ya yi bisa gadon sarauta.

Faransawa suka naɗa ɗan'uwansa Amadu ɗan Basa. A 1906 suka zarge shi da shirya tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kodibuwa, suka bar riƙon gari a hannun Ballama. Sai a 1923 sarauta ta koma gidanta da naɗin Barma Mustafa. A tsakanin nan Damagaram ta zama hedkwatar mulkin Faransa a Nijar daga 1911 har 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai. Sauran masu dawaki ma ba su daɗe ba. Rabe ya faɗi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900. Kano ta faɗa hannun Ingilishi a watan Fabrairu na 1903, barade na Kano suka gamu a Kwatarkwashi da irin abin da namu suka gamu da shi a Tirmini, Sarki Alu kuma ya ƙare kwanakinsa a tsare a Lokoja. Cikin shekara huɗu doki ya daina yanke hukuncin wanda zai yi mulki a wannan yanki.

Amanar da ta rage

Dokin yaƙi ya tafi tare da Kuran Daga, kuma babu mai hankalin da zai roƙi Allah ya maido da zamanin hari. Dokin da ya rage mana shi ne na salla, na naɗin sarauta, na tarbar baƙo, wanda talaka ke fitowa kallonsa da ƴaƴansa ba tare da fargaba ba. Sarautar da muke taya murnar cika shekaru 100 a wannan sabon zamani ta yi rayuwarta, kuma da irin wannan doki jama'a suka san ta.

Ina da shekara bakwai kakana ya fara aza ni bisa doki ranar ƙaramar salla, yana riƙe da ragama yana tafe a ƙasa, yana gaya mini in daina kallon wuyan dabba in kalli inda za ni. Shi ne doki na ƙarshe a gidanmu. Yau turken na nan, amma babur ake jinginawa a jikinsa, likkafar kuma tana rataye a zaure ta yi tsatsa. Na san gidaje da yawa haka suke. In salla ta matso sai a shiga neman aro da haya daga ƙauye. Masu sassaƙa sirdi, da maƙeran linzami, da dukawan da ke ɗinka kayan ado, yawancinsu sun manyanta, ƴaƴansu kuma sun kama wasu sana'o'i domin babu ciniki sai sau biyu a shekara.

Ina roƙon iyayenmu sarakuna da masu hali, cikin ladabi, kowane gidan sarauta ya riƙe ko da turke guda da rai. A riƙa yi wa masu sana'ar kayan doki ciniki tun suna raye, a tura yara su zauna gabansu. A ɗauki muryoyin dattawan da suka san sunayen launuka da magungunan barga kafin su tafi da su. Ɗaliban da ke shiga makarantar da ke ɗauke da sunan wannan sarki kuma a kai su Tirmini su ga filin da idonsu, a gaya musu labarin duka, da jaruntar da kuma kuɗin da talakawa suka biya.

Allah ya jiƙan Sarki Amadu Kuran Daga, ya gafarta masa kurakuransa. Allah ya jiƙan waɗanda suka faɗi tare da shi, da waɗanda suka faɗi a gaban dawakinsa, da yaran barga da ba a riƙe sunayensu ba. Allah ya ja zamanin Mai martaba, ya ƙara masa lafiya da adalci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.